Birkin Bulo

A layinsu babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta sa ake ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta a allo ya kafa a ƙofar shago, mutane kuma suka ɗauka, tunda kiran mutum da sunan da yake so ba ya rage wa kowa komai. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Fankar da ta shiga shagonsa tana ƙara takan fito shiru, don ta daina juyawa gaba ɗaya, shi kuma ya gaya wa mai ita wutar gidansa ce ba ta da kyau. In ana hirar jirgin sama ya san abin da ke riƙe shi, in ana ta ciwon ƙoda ya san maganinsa. Bakinsa bai taɓa rasa amsa ba, ko da tambayar ba shi aka yi wa ba.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Duk ranar hutu yayan matarsa, wanda yara ke kira Kawu, yakan zo da jar motarsa ya danna hon. Kafin ƙarar ta mutu 'ya'yan Injiniya biyu, 'Yar Baba da Auta, sun fito a guje da takalma a hannu, sun faɗa kujerar baya, an wuce da su lambun shaƙatawa da ke ƙasan gangara, inda ake lilo. Injiniya yakan tsaya a ƙofar shago da sukudireba a hannu yana ɗaga musu hannu, su kuwa ko waiwaye babu. In sun dawo da yamma labarin duk na Kawu ne: Kawu ya tura lilo, Kawu ya yi kukan agwagwa, Kawu ya ce kaza.

Wata yamma Auta yana cire takalmi ya ɗago kai ya tambaye shi, da zuciya ɗaya, ko shi ba a barin sa shiga lambu ne. Injiniya ya yi dariya har da tafa hannu, amma maganar ta soke shi sosai. Kishi yake yi, kishi na gaske, yana son ranar da 'ya'yansa za su ji hon ɗin nan su ƙi motsawa saboda suna tare da ubansu.

Mota dai ta fi ƙarfinsa, don haka ya sanar wa duk mai kunne cewa mota akwatin ciwon baya ce, ya nufi wurin mai kayan gwanjo. Can ya ga keken. Baƙi ne, dogo, kansa ya lanƙwaso baya kamar ƙahon sa, sirdinsa mai faɗi da sifirin a ƙasa, ga kariyar ɗora kaya a baya, ga ƙararrawa. Irin keken nan ne da mutum ke zama a miƙe, ba ya duƙawa kamar mai neman allura. Injiniya ya hau ya zauna yana tsaye wuri ɗaya, ya ji kamar an ƙara masa muƙami.

Mai gwanjo ya matso zai yi bayani. "Shi wannan birkinsa ba a hannu…"

"Na gani, babu," Injiniya ya katse shi. "Mai gyaran inji za ka yi wa bayanin keke? Tun ba a haifi uwar mai sabulu ba balbela take da farinta."

Mai gwanjo ya haɗiye ragowar maganarsa ya yi masa fatan alheri.

Turo keken ya yi har gida, yana gaya wa masu tambaya wai nazarinsa yake yi. Maƙwabcinsa mai aski, wanda ba a san tsakanin bakinsa da almakashinsa wanda ya fi kaifi ba, ya bar rabin kan mutum ya fito kallo. Ya zagaya keken, ya shafa kan keken hagu da dama, ya tambayi inda ake damƙewa in ana so a tsaya. Injiniya ya ce masu ƙera shi sun manta, shi ya sa Allah ya haɗa keken da wanda zai ƙarasa musu aikin.

"To Allah ya sa kada su zo su ce ka biya su kuɗin koyarwa," in ji mai aski.

A shago ya gano wani ciwon. Feda tana juyawa gaba lafiya lau, amma da an mayar da ita baya sai ta cije, tayar ma ta ƙi motsi. Injiniya ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ya zata, ya ce tsatsa ce. Ya ɗauko man da yake ɗiga wa fanka ya yi ta tuttulawa a tsakiyar tayar baya har kwalbar ta ƙare. Allah ya taimaka man bai sami hanyar shiga ba, duk a ƙasa ya taru, matarsa ta zo kawo masa abinci ta kusa zamewa.

Daga nan ya koma kan abin da zai jawo yara a ciki. A lungun shagon akwai wani tsohon firji da aka kawo gyara tun 'Yar Baba tana rarrafe, mai shi ya gaji da zarya ya yafe. Injiniya ya ɓalle ƙofarsa, ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaura masa tayoyin baro biyu, ya haɗa shi da ƙarƙashin kariyar keken da wani bututun ƙarfe. Ya shiga ɗaki ya kwaso matasan kai ya shimfiɗa a ciki.

Birkin ne ya fi alfahari da shi. Ya samo rabin bulo, ya kwance igiyar shanyar matarsa, ya ɗaure bulon da baki ɗaya, ɗaya bakin ya ƙulla a bayan firjin da wani ƙulli da ya ce shi ya ƙirƙiro. Bulon zai zauna a gefen firjin ta baya. In yana so ya tsaya sai ya ce "birki", yara su tunkuɗa shi ƙasa, ya ja kwalta, keke ya tsaya. Ya ce manyan jiragen ruwa ma haka suke yi, bambancin kawai su ƙarfe suke jefawa.

Matarsa ta fito da bokitin wanki ta tarar babu igiya. Ta bi sawu har shago, ta tsaya tana kallon firji da bulo da mijinta. Mace ce mai haƙuri, irin haƙurin wanda ya riga ya ga fankoki da yawa sun mutu. Ta ce 'ya'yanta ba za su shiga wannan abin ba sai tana kan kariya, inda za su faɗi nan za ta faɗi. Injiniya ya ce dama fitar ta iyali ce, kuma faɗuwa ba ta cikin lissafinsa.

Ranar hutu ta zo. Injiniya ya sha wanka, ya sa sabuwar hula, ya fito da keken ya kafa a tsakiyar layi tun rana ba ta yi zafi ba, don kowa ya gani. Ai kuwa an gani. Masu shaguna suka fito, mata suka leƙo ta taga, mai aski ya jawo benci. Ana cikin haka jar mota ta shawo kwana ta danna hon.

Injiniya ya ƙanƙame kan keken. Yaran suka dubi mota, suka dubi firji, suka dubi fuskar ubansu. 'Yar Baba yarinya ce mai lura, ta ga yadda ya ƙanƙame kan keken, ta taka a hankali ta shiga firjin. Auta ya bi ta, shi don bulon ya shiga, tun jiya hannunsa ke masa ƙaiƙayi.

Kawu ya sauke gilashi ya tambayi ƙanwarsa ko lafiya. Ta ce ga ta nan dai. Ya ce to zai biyo su a baya sannu a hankali, ko da wani abu.

"Yaya, sai dai in ka iya kamo mu," in ji Injiniya.

Mai aski ya rufe shagonsa ya buɗe ƙofar gaban motar ya shige, ya ce wannan kallo ba a ba shi labari.

Matar ta zauna a kariya ta gefe ɗaya ta riƙe ƙarƙashin sirdi. Injiniya ya kaɗa ƙararrawa, ya taka feda, keke ya motsa, firji ya biyo yana ƙugi. Ya miƙe baya, ya ɗaga haɓa, yana gaishe da mutane hagu da dama. Ba su wuce shago uku ba mai aski ya leƙo ta tagar mota ya tambaye shi, don Allah, ya ƙara yi wa jama'a bayanin yadda abin ke tsayawa.

"Kai dai aski ka sani," Injiniya ya amsa ba tare da ya juyo ba. "Me ka sani game da birki?"

Bulo ya dira a kwalta. Igiya ta miƙe, keke ya ƙame, ƙirjin Injiniya ya sadu da kan keken, goshin matarsa ya sadu da bayansa. Layin ya ɗauki dariya. Ya juyo zai yi faɗa, 'Yar Baba ta tunatar da shi cewa shi ya faɗi kalmar. Ya haɗiye tarin da ya taso masa ya ce da jama'a gwaji ne, kuma kowa ya ga yana aiki.

Aka mayar da bulo mazauninsa. Injiniya ya ce kalmar ce ba ta dace ba, tunda mutum irinsa dole ya riƙa ambaton ta a bayani. Daga yau in ya ce "yanzu" su jefa.

Suka fita layi suka hau babban titi. A nan ya fara lacca kan lafiyar ƙashin baya, yana nuna masu wucewa a duƙe kan kekunansu yana cewa duk za su tsufa da doro. Gabansa akwai reshen bishiya da ya sauko ƙasa. Matar ta ce ya sunkuya. Ya ce wanda ya hau irin wannan keke ba ya sunkuya wa itace. Reshen ya cire masa hula tsaf ya riƙe, ya bar masa ganye biyu a ka. Kawu ya miƙa hannu ta taga ya ciro hular, mai aski ya karɓa ya sa a kansa.

Gaba kaɗan wata mata mai laima ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga hannu tana kiran mai ƙanƙara. Da ta ga bai tsaya ba ta biyo shi da sauri, ta leƙa cikin firjin, ta yi ido biyu da Auta yana mata murmushi. Ta ja da baya tana salati, ta tambaya ko yaran ma na sayarwa ne.

Injiniya ya fusata. "Yanzu ni na yi miki kama da mai ƙanƙara?"

Bulo ya sake dira. Wannan karon ƙafarsa ta hagu ce ta je neman ƙasa ta samu kwata, ta nutse har idon sawu. Ya zaro ta baƙa ƙirin, wari ya tashi, matar mai laima ta toshe hanci ta wuce tana cewa ko kyauta ba ta so.

Matarsa ta sauko daga kariya tana murza goshi. Ta ce ta gaji da karo da bayansa, kuma matsalar ba ta bulo ba ce, ta baki ce. Duk kalmar da ya zaɓa sai ta suɓuce masa, don babu kalmar da ba ya faɗa a yini. A bari ita ta zaɓa, ta san guda ɗaya da tun aurensu ba ta taɓa jin ta a bakinsa ba, ko a mafarki.

"Wacce?" in ji shi.

"Ban sani ba."

"To in ba ki sani ba me ya sa kika ce za ki zaɓa?"

"Ita ce kalmar, Baban Auta. In kana so su jefa, ka ce ban sani ba."

Mai aski ya kusa faɗowa ta taga. Injiniya ya yi murmushin yaƙe, ya ce ya yarda, don dama ba zai sake buƙatar tsayawa ba sai ƙofar lambu, can kuma ƙafa ta isa. Ya juya ga yaran ya kafa musu doka mai tsanani: ko sama za ta faɗo, ko shi da kansa ya roƙe su, kada su taɓa bulon nan sai sun ji waɗannan kalmomi daidai, babu ragi babu ƙari. 'Yar Baba ta gyaɗa kai. Ita ce mai rubuta sunayen masu surutu a ajinsu, doka a wurinta ba abin wasa ba ce. Ta ɗora hannu kan bulon, ta ture hannun Auta.

Tafiya ta yi daɗi bayan nan, gaskiya ta yi. Iska tana kaɗawa, sirdi yana lilo da shi a hankali, ya ji yaran suna waƙa a baya. Zuciyarsa ta yi fari, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin gobe a bencin mai aski. Bai lura feda ta yi sauƙi ba sai da ta fara juya ƙafafunsa da kanta. Sun shiga gangara.

Daga sama ana hango ƙofar lambu a ƙasa, cike da iyalai, ga mai balan-balan, ga masu sayar da kayan sanyi, ga mai gadi a kan kujerarsa. Firjin da ɗazu ake ja, shi ne ya koma yana turo keken. Tayoyin baro suka canza murya. Matar ta ce ya rage gudu, ya ce yana sane. Ya sauke ƙafa ɗaya zai ja ƙasa, kwalta ta karɓe takalmin ta jefar baya.

"Birki," ya ce.

"Ba ita ba ce, Baba," in ji 'Yar Baba.

"Yanzu. Yanzu, ku jefa."

"An canza ta, Baba."

Matar ta dunƙule hannu ta buga masa a baya ta ce ya faɗa mana. Injiniya ya dubi taron da ke ƙara girma a gabansa, ya ji motar Kawu a bayansa da mai aski a ciki. Ya ce akwai abin da ya ɗan shige masa duhu. 'Yar Baba ta ce ba haka aka ce ba. Ya ce bayanin da ke hannunsa bai cika ba. Ta ce a'a. Ya ce to a ɗauka, a misali, wani mutum ne bai sani ba. Auta ya kai hannu, yayarsa ta doke shi ta ce Baba ya ce babu ragi babu ƙari.

Mutanen ƙofar lambu suka fara watsewa, uwaye suna janye 'ya'yansu. Mai gadi ya miƙe ya haɗa hannu a baki ya ƙwala masa tambaya, yana cewa malam ina birkinka.

"Ban sani ba!" Injiniya ya kurma ihu, da muryar da ta kai har wurin lilo. "Wallahi ban sani ba! Ban sani ba!"

Yaran suka tunkuɗa bulo. Igiya ta miƙe, ƙullin da Injiniya ya ƙirƙiro ya warware salin alin kamar dama jira yake, bulon ya yi zamansa a tsakiyar titi da igiyar shanya a jikinsa. Jar mota tana biye, Kawu ya kauce da tayar gaba, ta baya ta hau, aka ji fashewa. Keke kuwa bai ma san an yi ba.

Dabara ta ƙare wa Injiniya. Ya miƙe tsaye kan feda, ya ja jikinsa baya, ya turje da ƙafafu kamar mai riƙe da jakin da ya ga gida. Dugadugansa suka danna feda baya da duk nauyinsa. Tayar baya ta cije, ta yi kuka a kwalta, ta ja baƙin layi, keke ya tsaya cak a bakin ƙofar lambu. Matar tana riƙe da sirdi, ba ta faɗi ba. Yaran suka gangara kan matasan kai suka tashi suna ƙyalƙyala dariya. Wanda yake tsaye shi kaɗai ya ci gaba da tafiya, ya haye kan keken ya sauka cikin shingen furanni, ƙafa ɗaya a sama.

Aka zaro shi aka zaunar. Idon sawunsa ya fara kumbura, ƙaya ta yi masa zane a goshi, amma bakin lafiyarsa ƙalau. Tun kafin ya gama nishi ya fara gaya wa taron cewa abin da suka gani ƙarfin ƙwauri ne, shi ya danne injin da ƙafa, ba kowane namiji zai iya ba. Wasu har sun fara gyaɗa kai.

Sai ga wata tsohuwa ta gangaro a kan keke irin nasa sak, da kwando a gaba. Ta zo daidai inda yake, ta ɗan mayar da ƙafa baya, keken ya tsaya a hankali ko ƙura bai tayar ba. Ta dubi nasa ta ce ai irin nata ne, masu daɗin zama, sai dai ba a danna musu birki da ƙarfi haka, baya kaɗan ake taka feda, ko jikarta ta iya.

"Na sani, Iya," in ji Injiniya.

Mai aski ya iso yana haki, da hular Injiniya a kansa. "Ka sani? Mutanen da ke kan lilo ma sun ji ka rantse ba ka sani ba."

Taron ya fashe. Mai gadi ya koma kujerarsa yana share hawaye, mai balan-balan ya saki guda biyu bai sani ba. Kawu ya ƙaraso da bulo a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, ya ajiye su a gaban surukinsa bai ce uffan ba, ya koma neman mai faci. Wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Injiniya ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya tabbata ya gama zubar da kansa a idon 'ya'yansa.

Yaran suka yi lilonsu, shi yana zaune a benci da ƙafa a miƙe. Da lokacin komawa ya yi motar Kawu tana kan jak, ƙafar Injiniya kuwa ko ƙasa ba ta iya taɓawa. Matar ta duba hagu ta duba dama, ta tattare rigarta ta kama kan keken. Ya tambaye ta a ina ta iya. Ta ce da keken babanta ta yi makaranta, shi ne dai bai taɓa tambaya ba.

Mai aski da mai gadi suka ɗaga shi suka saka a firji. Gwiwoyinsa suka zo daidai kunnuwansa. Aka ɗora masa Auta a cinya, 'Yar Baba ta matsu a gefensa, samari suka taimaka aka tura har saman gangara, matar ta hau ta taka. Keken ya tafi sumul, in ta zo kwana ta ɗan mayar da ƙafa baya ya rage gudu.

Da farko ya rufe fuska da hannu. Auta ya janye hannun ya nuna masa wani kare da ke bin su, ya tambaye shi me ya sa kare ke fitar da harshe. Injiniya ya ba shi amsa, ƙarya ce tsagwaronta, wai fankar cikinsa ce ta lalace. Yaran suka yi dariya har da riƙe ciki. Suka tambaye shi na gajimare, da na fitilun titi, da dalilin da ya sa farin wata ke bin mutum, yana ta zuba musu, suna ta neman ƙari. 'Yar Baba ta ɗora kai a kafaɗarsa. Bai taɓa zama kusa da su haka na tsawon tafiya guda ba, ya ji daɗin da ya mantar da shi ƙafar da masu nuna shi da yatsa.

Kafin wata ranar hutun kumburi ya saɓe. Labari kuwa ya riga ya zaga, duk wanda ya kawo fanka sai ya tambaye shi me ya same ta yana danne dariya. Injiniya ya shanye, ya ƙudura a ransa zai wanke sunansa a kan sirdi. Ya fito da keke da sassafe, ya goge shi, ya gaya wa 'yan benci cewa birkin feda tsohuwar fasaha ce da ya daɗe da sani, gwada iyalinsa kawai ya yi.

Jar mota ta shawo kwana da sabuwar taya ta danna hon. Yaran suna cikin firji tuni, ko juyawa ba su yi ba. Kawu ya sake dannawa, Auta ya ɗaga masa hannu ya ce sai sun haɗu a can. Injiniya ya ji kamar ya yi rawa a tsakiyar layi. Ya gyara hula, ya kama kan keken, ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Baba, ba nan ba," in ji 'Yar Baba. Ta matsa gefe ta buga matashin da suka ajiye masa a tsakiya. "Mama ce mai tuƙi. Kai a nan kake."

Ya yi dariya ya ce wancan karon lalura ce, yau ƙafa ta warke.

"In ba ka shigo ba mu mota za mu bi," in ji Auta, ya fara ɗaga ƙafa zai fita.

Mai aski ya tsaya da almakashi a buɗe, Kawu ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar baya ya bar ta a buɗe. Matar tana tsaye da mayafi a kafaɗa. Injiniya ya dubi sirdin nan mai faɗi da sifirin, ya dubi 'yan benci da suka zuba masa ido, ya dubi ƙafar Auta da ke rataye a gefen firji.

Ya sauke tasa ƙafar. Ya saki kan keken ya miƙa wa matarsa, ya zagaya baya, ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya shiga ya naɗe har gwiwoyinsa suka kai kunne. Dariya ta tashi daga wannan bakin layi zuwa wancan, shi ko ɗagowa bai yi ba. Auta ya mayar da ƙafarsa ciki ya haye cinyar ubansa, ya ce a ci gaba da bayani daga inda aka tsaya, wurin farin wata.